Marina: Masaukin Jiragen Ruwa na Shaƙatawa

Marina wuri ne da ake keɓewa a bakin teku, ko a bakin tafki ko babban kogi, domin ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa su tsaya su kwana. Ta bambanta da tashar jiragen dakon kaya irin ta Apapa da ke Legas, domin ba a sauke kwantena a cikinta, masu amfani da ita kuma galibi matafiya ne da ke hutu a cikin jirginsu ko wanda suka ɗauka haya. Kalmar ta samo asali ne daga harshen Latin, inda tushenta yake nufin abin da ya shafi teku, saboda haka ba ta da wata alaƙa da marinar da Bahaushe ya sani ta rinin tufafi, irin ta Ƙofar Mata a Kano, illa dai furuci ya zo kusa.

Mazaunin Kaduna wanda bai san jirgin ruwa ba sai kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane a kogin Kaduna zai iya ɗaukar marina a matsayin tasha da masauki a haɗe, sai dai baƙo ba ya kama ɗaki, a cikin jirginsa yake kwana, abin da yake biya shi ne kuɗin gurbin da ya ɗaure jirgin.

Kusan duk tsarin marina an yi shi ne domin shawo kan motsin teku. Da farko akan jera manyan duwatsu ko a zuba kankare a yi doguwar katanga a cikin ruwa, wadda ke karya ƙarfin raƙuman ruwa, a bar mashiga ƙarama guda. Sai kuma cikowa da janyewar teku, wanda a yawancin gaɓoɓi ke faruwa sau biyu a yini, da tazarar kimanin awa 12 da minti 25 tsakanin cikowa da cikowa, saboda jan da wata da rana suke yi wa ruwan. Jirgin da aka ɗaure tamau a dakalin kankare lokacin da ruwa ya cika zai iya wayar gari yana rataye da igiyarsa, shi ya sa ake yin gadojin tafiya masu yawo a kan ruwa, waɗanda ke hawa da sauka a jikin turakun ƙarfe tare da jiragen. A Bahar Rum, inda bambancin cikowa da janyewa bai taka kara ya karya ba, akan jera jirage gefe da gefe, bayansu na fuskantar dakali, domin wuri ya ishi kowa.

Kafin matuƙi ya shiga, yakan kira ofishin marina ta rediyon jirgi ya faɗi sunan jirginsa da tsawonsa da zurfin ruwan da yake buƙata, sannan a ba shi lambar gurbi. Tasha ta 16 a wannan rediyo an ware ta ne a duk duniya domin neman agaji da kiran farko, ba a zaman hira a kanta. Yana shiga zai rage gudu sosai, kuma mutanensa za su rataya matasan roba masu iska a gefen jirgin, aikin da tsofaffin tayoyi suke yi a jikin jiragenmu na kogi. Jirgin da ya fito daga wata ƙasa yakan ɗaga tuta ruwan ɗorawa har sai jami'an kwastam da na shige da fice sun duba fasfo da takardunsa.

Kuɗin kwana yana tafiya ne da tsawon jirgi, mita-mita ake lissafawa, kuma yana tashi a lokacin cunkoso, wato watannin Yuli da Agusta a Bahar Rum. A jikin gadar akwai soket na lantarki da famfon ruwan sha, a tudu kuma akwai bayi da wurin wanka da wanki, da wurin shan mai, da na'urar zuƙe ƙazantar bayin jirgi domin kada a zubar da ita a ruwan da ba ya gudu. Ga Musulmi akwai wani sauƙi da ba kasafai ake ambata ba: jirgin da ya jefa anga, wato ƙarfen da ke riƙe shi a ƙasan ruwa, a fili yana juyawa da iska, alƙibla na sauya masa, amma wanda aka ɗaure gaba da baya a marina yana nan inda aka bar shi.

Daga cikin sanannun marinoni akwai Marina del Rey a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda aka buɗe a 1965, da Puerto Banús a kudancin Sifaniya, ta 1970. A Nijeriya harkar ta fi ƙarfi a Legas, inda kulab ɗin Lagos Yacht Club yake tun 1932, kuma daga gaɓoɓin Ikoyi da tsibirin Biktoriya ake tashi zuwa bakin tekun Tarkwa Bay, wanda ba a isa gare shi sai ta ruwa. Titin Marina na tsibirin Legas ma daga bakin ruwan da yake bi ya samo sunansa, ko da yake yau bankuna da ofisoshi ne suka cika shi.