Akwatin Mabuɗi a Ƙofar Gidan Haya: Tambayoyin da Ake Yi Mini a Birnin Kebbi

Yayana da ke zaune a Amurka yana da gida a Gesse, ni nake kula masa da shi. Bara mai haya ya tashi, gidan ya zauna babu kowa. Mabuɗi ɗaya yana hannuna, ɗaya yana hannun dillali. Ranar da wata ma'aikaciyar jinya da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi ta zo ganin gidan da mijinta, ni ina Argungu wajen ta'aziyya, dillali kuma ya wuce Jega da mabuɗin a aljihu. Suka tsaya a rana har aka kira azahar, suka tafi, ba su sake waiwayowa ba. Da na ba Yaya labari sai ya yi dariya, ya ce a can wannan matsala an daɗe da binne ta. Bayan 'yan makonni ya aiko mini da wani ɗan akwatin ƙarfe. Tun ranar da na rataye shi a get ban huta da tambaya ba, daga maƙwabta har dillalai.

Malam, wai mene ne wannan abu mai kama da kwaɗo?

Akwati ne da bai fi tafin hannu ba, cikinsa akwai gurbin da zai ɗauki mabuɗi biyu ko uku. A samansa akwai lanƙwasasshen ƙarfe irin na kwaɗo, da shi ake maƙala shi a mariƙin ƙofa ko a jikin get. Wani kuma kafe shi ake yi a bango. Shi ba ya kulle gida. Kwaɗon gidan yana nan yadda yake, aikin akwatin riƙon mabuɗi ne kawai, domin mabuɗin ya kwana a ƙofar gidansa maimakon ya bi dillali yawo. Wanda aka ba lamba ya zo ya buɗe, ya ɗauki mabuɗi, ya nuna gida, ya kulle, ya mayar.

Duk iri ɗaya ne?

A'a, iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Na farko shi ne mai lamba, wanda ba ya buƙatar batir ko waya. Kamfanoni irin su Master Lock suna ƙera shi, kuma shi Yaya ya aiko mini. Wani yana da 'yan ƙafafun juyawa guda huɗu kamar na akwatin tafiya, kowace daga 0 zuwa 9, wato lambobi 10,000 ke nan da mai cinke zai yi ta gwadawa. Wani kuma maɓallan dannawa ne guda goma. Wannan mai maɓallan ya fi kyan gani amma ya fi rauni, domin a yawancinsu ba ruwan akwatin da jerin da ka bi. Ka danna 2, 5, 7, 9 ko ka danna 9, 7, 5, 2, duk buɗewa zai yi. Idan aka lissafa, lamba mai alƙaluma huɗu a irin wannan akwati hanyoyi 210 kawai take da su. Yaro mai haƙuri zai gama da su tsakanin la'asar da magariba.

Na biyu shi ne na zamani, wanda ake buɗewa da manhajar waya ta Bluetooth. A Amurka sunaye biyu ne suka mamaye kasuwar: Supra, wanda ya koma hannun kamfanin Honeywell a 2024, da SentriLock, mallakar ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar, NAR.  Babban abin da ya fi na farko da shi shi ne rubutu. Duk wanda ya buɗe, akwatin zai ajiye sunansa da rana da lokaci, kuma dillalin da gidan ke hannunsa zai ga saƙo a wayarsa. Ana iya saita shi ya ƙi buɗewa da dare, ana iya ba mai gyaran famfo lambar da za ta mutu bayan kwana ɗaya.

A can Amurka wa ke da ikon buɗewa? Kowane dillali?

Ba kowane ba. A can sai da lasisin jiha mutum yake dillancin gida, kuma manhajar buɗe akwatin ta hannun ƙungiyar dillalai ta yankinsa yake samun ta, ko ta hannun rumbun bayanan da suke kira MLS, inda dillalai ke zuba duk gidajen da ke kasuwa domin kowa ya gani. Yana biyan kuɗin zama mamba, yana da lambar sirri tasa shi kaɗai, kuma izinin da ke cikin wayarsa sabuntawa yake yi a kai a kai. Ranar da aka dakatar da shi, wayarsa ta daina buɗe kowane akwati a garin. Ara wa wani manhajarka laifi ne da ake cin tara a kansa.

NAR ɗin nan tsohuwar ƙungiya ce, a Chicago aka kafa ta a 1908, ta fitar da ƙa'idojin ɗa'arta a 1913. Cikin ƙa'idojin da ake aiki da su yau akwai wadda ta hana dillali shiga gida, ko shigar da wani, a kan wasu sharuɗɗa da ba waɗanda mai gida ya gindaya ba. Daga watan Agustan 2024 ma an ƙara wani mataki: dillalin mai saye ba zai zagaya da shi gida ba sai sun sa hannu a rubutacciyar yarjejeniya tukuna.

Kun ga ke nan akwatin ba shi kaɗai yake tsaye ba. Bayansa akwai lasisi, akwai ƙungiya, akwai bulala. A nan Najeriya muna da hukumar ESVARBON da aka kafa a 1975 domin rajistar ƙwararrun masu ƙiyasta da kula da kadarori, da ƙungiyarsu NIESV. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, dillalin da zai nemo maka ɗaki biyu da falo a Badariya ko Bayan Kara ba da wannan rajista yake aiki ba. Jarinsa babur ne da waya da sanin mutane.

To idan ka ba dillali lambar, ai ka ba shi gidan ke nan, ya shiga duk lokacin da ya ga dama?

A kan wannan ne muka fi daɗewa muna ja-in-ja da dillalina, dattijo ne da nake ganin girmansa. Ya ce, “Alhaji, wanda ka ba mabuɗi ai ka ba shi izini.” Na ce, “Baba, mabuɗi daban, izini daban.”

Mu ba baƙi ba ne a wannan magana. Mu ne masu rubuta “Ba shiga” a ƙofar gida. Mu ne masu zaure, inda baƙo ke tsayawa komai kusancinsa da maigida, ko da kuwa ƙofar cikin gida a buɗe take. Aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, kuma ko ba ka tarar da kowa ba kada ka shiga sai an yi maka izini, idan aka ce ka koma, ka koma. Ba a ce sai in ƙofar a kulle take ba. Abin da ƙungiyar Amurka ta rubuta a ƙa'idarta, mu da shi muka tashi tun muna makarantar allo.

Don haka lambar da na ba Baba ta ranar Talata ce, da ƙarfe huɗu, domin mutum ɗaya da ya faɗa mini sunansa. Ba ta Laraba ba ce. Ba ta yaronsa ba ce. Ba kuma ta turawa ga mai neman haya a WhatsApp ba ce, a ce masa “je ka duba, ina zuwa.” Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi ba ni tsoro, domin lamba ba ta da nauyi. Mabuɗin ƙarfe in ka ba wani ya bar hannunka, ka san ba ya wurinka. Lamba kuwa ka ba mutum goma, tana nan a bakinka kamar ba ka ba kowa ba.

Gidan da iyali ke ciki fa, in ana son sayar da shi?

Kada a rataya. A Amurka ana yi, mai gida yakan kwashe iyalinsa su fita na awa ɗaya dillali ya shigo da masu saye. Ko a can, in mai haya ne a ciki sai an sanar da shi tukuna. A jihar Kalifoniya awa 24 doka ta ɗauka a matsayin sanarwa mai ma'ana. Amma gidan Bahaushe da matan aure da 'yan mata a tsakar gida, ba wurin da baƙon namiji zai buɗe ƙofa da kansa ba ne. Sai maigida yana nan, an yi sallama, an ba mata lokaci sun kimtsa. Mai haya ma, muddin kuɗinsa bai ƙare ba, gidansa ne. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa. Akwatin na gidan da babu kowa ne, ko sabon ginin da masu tayil da masu fenti ke shige da fice.

Ba ka tallata wa ɓarayi cewa gidan ba kowa ba?

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A inda akwatin ya zama ruwan dare ba mai kallonsa, a Gesse kuwa har yara tsayawa suke yi. Bayan mako ɗaya na cire shi daga get na mayar da shi gefen katanga inda ba a hango shi daga titi. Kuma ba ya gagarar guduma da kurfi. Sai dai ɓarawon da ya zo da guduma ba ya buƙatar akwatin, kwaɗon zai fasa kai tsaye. Wanda ya fi dacewa a ji tsoro shi ne mai shigowa da fara'a, ya ɗauki mabuɗi, ya kai wa mai yankan mabuɗi a kasuwa, ya dawo da shi kafin a farga. Abin da ke tafiya a gidan da ba kowa kuwa sananne ne: kan famfo, fanka, wayar wuta, injin jan ruwa. Shi ya sa ranar da sabon mai haya zai tare, a canza kwaɗo gaba ɗaya. Kuɗinsa bai kai na fanka ɗaya ba.

Zai jure zafinmu da ƙurar hunturu?

Mai lamba yana jurewa, in dai ana rufe murfinsa. Ƙura ce ke sa ƙafafun su cije. Kada a ajiye shi inda rana ke dukansa, domin a watan Afrilu ƙarfen ba ya taɓuwa.

Dillalai ba su ga kamar za ka raba su da abincinsu ba?

Sun gani. A tsarinmu mabuɗi shi ne hujjar dillali. Wanda mabuɗi ke hannunsa shi ne mai gida ya yarda da shi, ta hannunsa za a bi, shi zai ci la'ada, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin hayar shekara. Sau da yawa kuma ciniki ɗaya dillalai uku ko huɗu ne a jere, wannan ya ji daga wancan, kowa yana jiran kasonsa. Idan mabuɗi ya koma bango, kowa na iya cewa shi ya kawo mutumin.

Abin mamaki, rubutu ne ya kashe wannan rigima. Tun da nake rubuta wanda ya karɓi lamba da wanda ya kawo, ranar da aka yi ciniki ba a yi musu ba. Mutumin da ya kama gidan malami ne a Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, kuma littafina ya nuna Baba ne ya fara kai shi, kwana tara kafin wani matashin dillali ya sake kai shi. Baba ya karɓi la'adarsa, ya ɗan sammar wa yaron na mai. Tun daga ranar ya daina kiran akwatin “kayan Nasara”.

Mai neman haya fa, me zai kula da shi?

Kada ganin mutum ya buɗe gida ya sa ka ɗauka nasa ne. A Amurka 'yan damfara sukan samo lambar akwati, su tallata gidan da ba nasu ba a farashi mai sauƙi, su tura wa mutum lambar ya shiga ya gani da idonsa, ya tura kuɗi, shi ke nan. Mu ma da muke rubuta “Wannan gida ba na sayarwa ba ne” a katanga mun san irin wannan. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka ga mai gidan ko wakilinsa ido da ido, ka tambayi maƙwabta da mai unguwa, ka karɓi rasit. In saye ne, a bi takardun fili har ofishin KEBGIS.

Kai yanzu yaya kake yi da naka?

Gidan Yaya ya samu mai haya, sai na mayar da akwatin wani ginin da ake ƙarasawa a hanyar Kalgo. Ina da ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta: rana, suna, lambar waya, lokacin shiga, lokacin fita. Wanda ya gama ya ɗauki hoton kwaɗon a kulle ya turo mini. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan biya in canza lambar, ba na sa shekarar haihuwa, ba na sa 1234. Maigadin layin ya san duk wanda zai zo, domin nakan kira shi tukuna. Makon jiya mai fenti ya kira ni da sassafe yana faɗa, wai akwatin ya lalace. Lambar makon da ya wuce yake ta juyawa, wadda mai tayil ya ba shi ba da sanina ba.