Shiga ɗakin bautar Hindu a Indiya: ina ɗaurin shekara 3 ya fito?

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan Kwari da na masu raka marasa lafiya Indiya, wai duk Musulmin da ya sa ƙafa a ɗakin bautar Hindu ɗaurin shekara 3 ne, kuma babu beli. Har ƙanwata da ke jinyar mijinta a Delhi ta kira ni a firgice. A bakin layin masaukinsu akwai wani ɗan ɗakin bauta da bai fi shagon mai cajin waya ba, a gindin bishiya, an shafe shi da jan fenti, ƙararrawa rataye a ƙofa, takalma jibge a gefe. Ta tsaya kallo, wata tsohuwa ta yafito ta, ta tuɓe takalmi ta leƙa ta fito. "Yaya, yanzu kama ni za a yi?"

Na ce ta kwantar da hankalinta, don dokar ba ta faɗi haka ba.

Dokar da ake nufi tana cikin sabon kundin laifuka na Indiya, Bharatiya Nyaya Sanhita, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2024, ya maye gurbin tsohon na 1860. Sashe na 298 zuwa 302 su ne na laifukan da suka shafi addini. Suna hawa kan ɗan ƙasa da baƙo, kuma kariyarsu ta haɗa da masallaci da coci. Lalata wurin ibada ko ƙazantar da shi da niyyar cin mutunci, ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ne, ko tara, ko duka biyun. Tada hankalin masu ibada, shekara 1. Babu inda aka ce shiga kawai laifi ne.

Shekara 3 ɗin daga sashe na 299 ta fito, kuma ita ce ƙololuwar hukunci. Sashen yana magana ne kan wanda ya ci zarafin addinin wasu da gangan kuma da mugun nufi, da baki, ko rubutu, ko alama, ko ta na'urar sadarwa. Tun 1957 Kotun Ƙolin Indiya ta fayyace cewa abin da ya faru cikin rashin sani ko sakaci, ba da nufin tunzura mutane ba, bai shiga ciki ba.

Abin da mai saƙon muryar bai faɗa ba shi ne asalin wannan sashe. A 1924 aka buga wani ƙaramin littafi a Lahore, wadda a lokacin tana cikin Indiya, da ya ci mutuncin Manzon Allah (SAW). Babbar kotun Lahore ta sallami wanda ya buga shi a 1927 saboda dokar lokacin ba ta kama shi ba. Musulmi suka fusata, sai Turawan mulki suka ƙara sashe na 295A a shekarar, wanda shi ne ya koma 299 a yau. Ke nan kukan Musulmi ne ya haifi dokar da ake tsorata mu da ita. Mu ma a nan Kano muna da sashe na 210 na Final Kod mai hukunta cin mutuncin addini, kuma kundin namu daga na Sudan aka kwaso shi, na Sudan kuwa daga na Indiya.

Sai batun "babu beli", inda gaskiya ta cakuɗu da kuskure. Laifin sashe na 299 yana cikin waɗanda 'yan sanda ke iya kama mutum ba tare da takardar kotu ba, kuma beli a kansa ba hakki ne da za a nema kai tsaye a caji ofis ba. Alƙali ne ke dubawa, ya bayar ko ya hana. Ana samun belin. Amma a nan ne dokar ke damu na: kafin kotu ta tantance ko akwai mugun nufi, mutum ya kwana a tsare, kuɗin magani ya tafi wajen lauya, majinyaci na kwance babu mai kula da shi. Ƙorafin mutum ɗaya ya isa a buɗe fayil. Doka mai kyan manufa ce da take da sauƙin zama makami, musamman a kan baƙon da ba ya jin Hindi.

Shi ya sa na fi jin tsoron waya. Matashi ya ɗauki bidiyon mai ibada yana dariya, yana cewa "ku zo ku ga masu bautar gunki", ya ɗora a TikTok, ya ɗauka Hausa ta ɓoye shi. Fassara ba ta da wuya yanzu, kuma da hannunsa ya ajiye shaida.

Akwai kuma wuraren da su da kansu ba sa barin wanda ba Hindu ba, kamar Jagannath a garin Puri da Guruvayur a jihar Kerala. A Janairun 2024 babbar kotun Madras ta umarci a kafa alluna a ɗakunan bauta na jihar Tamil Nadu cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce sandar tuta. Masu zuwa asibiti a Chennai, babban birnin jihar, su lura da wannan allo. Ɗakin bautar Akshardham na Delhi kuwa yana karɓar kowa, amma a ƙofa ake ajiye waya.

Hukuncin shiga irin wurin a Musulunci tambayar malamai ce. Ta fuskar doka dai na gaya wa ƙanwata cewa idan an miƙo mata alawar da suke rabawa, ko za a ɗiga mata jan abu a goshi, ta dafa ƙirji ta yi godiya ta ja baya, babu sashen da ya hukunta hakan.