Ƙera furosesa da ƙarancinta a kasuwa

Furosesa ɗan guntun silikon ne (wani sinadari da ake tacewa daga yashi) da ke gudanar da lissafi da umarni a cikin kwamfuta da wayar hannu. Kamfanonin da ke zana ta suna da yawa, irin su AMD da Apple da Qualcomm, amma masu iya ƙera sabon samfuri mafi inganci ba su wuce uku ba: TSMC na Taiwan, Samsung na Koriya ta Kudu da Intel na Amurka. Wannan ƙarancin maƙera shi ne tushen yawancin matsalolin kasuwar.

Ana ƙera ta ne a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300, inda ake buga zanen da haske hawa-hawa, aikin da kan ci kusan wata uku. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta lalata guntu. Saboda haka masana'anta ke auna nasararta da yawan lafiyayyun guntayen da aka yanka daga kowane faifai. Idan suka yi kaɗan, sai farashi ya hau, kaya ya yi wuya. Masu ɗan lahani ba duka ake zubarwa ba, akan kashe sashen da ya lalace a sayar da sauran da rahusa.

Intel ya ɗanɗana wannan. Fasaharsa ta nanomita 10, wato wani sabon mataki na ƙanƙanta zanen guntu, ta makara da shekaru, ba ta shiga kasuwa sosai ba sai 2019, kuma tun 2018 masu harhaɗa kwamfuta suke kukan rashin kaya. AMD, wanda ya rabu da masana'antunsa a 2009, ya koma wa TSMC ya ci moriyar giɓin. Apple ma ya fara barin Intel a 2020.

Sai dai dogaro da TSMC na da nasa haɗarin, domin abokan hamayya duk a layi ɗaya suke jira. Injin da ke buga zane mafi ƙanƙanta kuwa, kamfanin ASML na Holan kaɗai ke yin sa.

Annobar korona ta fito da raunin fili: buƙata ta hauhawa daga 2020, har masana'antun mota suka dakatar da aiki. A 2022 Amurka ta ware kimanin dala biliyan 52 don farfaɗo da ƙerawa a gida, amma sabuwar masana'anta kan ci shekaru kafin ta fitar da faifan farko.