Jubraka a baƙar ƙasar Sinnar: tambayoyi da amsoshi kan taki, gara da darɓa

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ɗan filin bayan ɗaki ya koma rabin tukunyar gida. Mutanen Kurdufan da Darfur suna kiransa jubraka, mu kuma iyayenmu sun taso suna cewa gayauna ko lambun bayan gida. Kuɓewa, lalo, yakuwa, jirjir (ganyen da ake ci kamar salak), ɗan tumatir da barkono, su ne suka riƙe miya a gidaje da yawa lokacin da hanyoyin kasuwa suka toshe. Takin zamani ya yi tsada, maganin feshi kuma in an samu ba a san ingancinsa ba. Waɗannan tambayoyi daga maƙwabta da 'yan'uwa na tattaro su, a Mai Wurno da ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu, na amsa gwargwadon abin da hannuna ya taɓa.

Malam, ƙasarmu baƙa ce wuluk, kowa na cewa ta fi kowace ƙasa albarka. Me ya sa kake ta nacin a sa mata taki?

Baƙin nan yana yaudarar ido, Inna. A ƙasar Hausa in ka ga fadama baƙa, galibi ruɓaɓɓen ganye ne ya rina ta. Tamu ta nan laka ce mai nauyi wadda ruwa ya sauko da ita daga duwatsun Habasha tun zamani mai nisa, kuma ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba a mafi yawan filayen Jazira, yankin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. Tana riƙe ruwa sosai, tana da wasu sinadaran abincin tsiro, amma tana da ƙarancin naitirojin, wato abin da ke sa ganye ya yi kore shar. Ga ta da halin kanwa-kanwa, shi ya sa wani lokaci za ki ga sabon ganye ya yi rawaya alhali kin ba shi ruwa har ya gaji.

Kin san halinta: da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kumbura ta liƙe kamar danƙo, iska ba ta shiga. Saiwar tumatir tana numfashi, in ta kwana biyu cikin laka mai ruwa sai ta ruɓe. Abin da ruɓaɓɓen taki yake yi mata ya wuce ciyarwa. Yana sassauta lakar, ta zama gari-gari, ruwa ya shiga ya fita. Shekara ɗaya ba ta isa a ga wannan. A shekara ta uku ne fartanya za ta fara gaya miki cewa ƙasar ta canza.

Abu biyu nake roƙo. Kada a taɓa baƙar ƙasa da fartanya tana jiƙe sharkaf, za ta dunƙule ta bushe kamar tubali. Sannan a ɗaga kunya sama da tafin hannu guda ko fiye, a shuka a kafaɗarta, ruwa ya bi ta kwari.

Ina da kashin awaki da na kaji. In zuba kai tsaye?

A'a. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, ɗanyen na awaki kuma cike yake da irin ciyawa, har da ƙwayar miskit, wannan ƙayar da in ta kama wuri ba ta saki. Ga kuma lafiyar yara: jirjir ɗanye ake cin sa, kuma a ƙasa yake kwance. In dole sai an zuba ɗanye, to a ba shi wata 3 zuwa 4 kafin a tsinki ganyen da ke taɓa ƙasa.

Hanyar da nake bi ita ce rami a inuwa, zurfinsa zuwa gwiwa. A shimfiɗa busasshen abu, karan dawa da aka sassara, ɓawon gyaɗa, ganyen da aka share. A ɗora kashin dabbobi, a ɗora ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya, a yayyafa ƙasa kaɗan, a sake maimaitawa. Busasshen ya ninka ɗanyen sau biyu ko uku. A jiƙa shi daidai yadda in ka matse a hannu zai dunƙule amma ruwa ba zai zuba ba, a rufe da tsohon buhu. Bayan kwana uku ka soka sanda ka zaro, in ta fito da zafi aiki ya kankama, zafin nan ne ke kashe irin ciyawa. A juya bayan kowane mako 2. A zafin ƙasar nan wata 2 zuwa 3 ya isa. Alamar ya nuna ita ce ƙamshin ƙasar farkon damina, ba ka kuma gane wanne ne kara wanne ne kashi. Da damina a tara shi a kan tudu maimakon rami, don ramin laka tafki yake zama.

Kakata a Sakkwato toka take barbaɗawa a gona. Ban ga kana ambatonta ba.

Kakarki ta yi daidai a ƙasarta. Jigawar ƙasar Hausa tana son toka, haka ma yashin goz na Kurdufan yana ɗaukarta in ba a cika ba. Amma toka kanwa ce, ƙasarmu kuma ta riga ta ƙoshi da kanwa. Ƙara mata toka da yawa yana ɗaure abincin da tsiro zai sha. Tafi ɗaya ko biyu cikin ramin taki ba laifi. Inda toka ta fi amfani a wurinmu shi ne ajiyar iri, a gauraya wake da ita a tulu a rufe, ƙwaro ba ya samun wurin motsi.

Darɓa ta kama kuɓewata, ganye ya yi danƙo ya nannaɗe. Maƙwabcina ya ba ni ragowar maganin auduga. In fesa?

Don Allah ka mayar masa, ɗan'uwa. Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don amsarta a rubuce take a gonakin da muke gani kullum. An buɗe madatsar Sinnar da aikin noman Jazira a 1925, auduga ta zama dukiyar ƙasa. Daga baya aka shiga feshi da jirgin sama, ana ƙara yawansa shekara bayan shekara. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 sai farin ƙuda, wanda Larabawan nan ke kira zubaba baida, ya zama annoba, alhali da can ƙaramin ƙwaro ne da ba a damu da shi sosai ba. Maganin ya kashe ƙwarin da ke cinye shi, shi kuma ya saba da gubar. Danƙon da yake zubarwa, wanda ake kira asala, ya ɓata audugar har darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Ba a fara samun sauƙi ba sai da aka rage feshi aka koma lura da gona kafin a ɗauki mataki.

Abin da ya faru a dubban fadan, wato ma'aunin gona na ƙasar nan, zai faru a jubrakarka. Ka duƙa ka juya ganyen ka duba da kyau. Za ka ga ɗan ƙwaro ja mai ɗigo-ɗigo baƙi, abul id, da 'ya'yansa masu kama da ƙananan kada. Darɓa ce abincinsu, safe da yamma. Ga gizo-gizo, ga zanzaro mai ɗaukar tsutsa ya kai ɗakinsa, ga ƙadangare da kwaɗo. Feshi ɗaya ya share su duka, darɓa kuma ta fi su saurin haihuwa, ita za ta fara dawowa. Bayan haka maganin auduga ba don abin ci aka yi shi ba, kuɓewa kuwa duk bayan kwana biyu ake tsinka. Gubar a miyar yaranka za ta ƙare.

Ka fara da hannu. Cire ganyen da ya fi lalacewa ka binne. Wanke ƙarƙashin sauran da ruwa mai ƙarfi. In ka ga tururuwa na hawa da sauka, ita ce makiyayiyar darɓa, zaƙin take sha tana korar masu cin ta, sai ka nemi gidanta ka tarwatsa. Kuma ka duba ko ka cika taki mai ƙarfi, don ganye mai laushi da ya tashi da gaggawa shi darɓa ta fi so.

To darbejiyar da kake yawan faɗa, yaya ake haɗa ta?

Bishiyar nan da ke kowane titi, nim a bakin Larabawa, dogon yaro a bakin wasunmu, a ƙasar nan ma an lura da sirrinta. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan lokacin da fara ta sauka, ya ga ta cinye komai ta bar darbejiya tsaye da ganyenta. Daga nan bincike ya ɗore, a 1968 aka ware sinadarin da ke hana ƙwaro cin ganye.

Ƙarfin yana cikin ƙwallon, ya fi na ganye nesa. A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, a wanke, a shanya a inuwa, a fasa a fitar da ƙwayar ciki. A daka giram 50, kimanin cikin tafi guda, ga kowace lita ta ruwa. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun sanda a ciki don ya kama ganye. Ban da garin omo, yana ƙona ganye. A fesa da yamma bayan la'asar, a bi ƙarƙashin ganye, domin rana tana kashe ƙarfinsa kuma da yamma ƙudan zuma sun koma. In babu famfon feshi, tsintsiya mai laushi ta isa. A maimaita bayan kwana 7. Dusar da ta rage a ƙyalle a zuba ta gindin shuka.

Kada ka fito da safe kana neman gawar ƙwari. Darbejiya tana hana su ci ne, ta hana su girma, sai bayan kwana uku zuwa biyar ka ga sun ragu. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna su koma wa guba.

Wasu na jiƙa taba ko nonon tumfafiya. Ban yarda da su ba. Ruwan taba guba ne ga mai fesawa, nonon tumfafiya kuma in ya shiga ido yana iya yin mummunar illa.

Tumatirina ya tsuke, ganyen ya yi ƙanana ya naɗe sama, ba fure. Wane magani?

Babu, Hajiya, gara in faɗa miki gaskiya. Cuta ce da farin ƙuda ke ɗaukowa daga wata shuka zuwa wata, in ta shiga ba ta fita. Tuge shi ki binne tun bai shafa wa sauran ba. Kariyar tana wurin reno. Ki rufe gadon irin da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, tsohon tob mara nauyi, mayafin matan ƙasar nan, ya fi gidan sauro, don farin ƙuda yana ratsa gidan sauro. Ki yanka jarkar mai rawaya, ki shafa mata mai mai kauri ki kafa a gefe, launin yana jan su su manne. Ki jira sanyi ya fara shigowa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ki dasa. Kuma kada tumatir, gauta da barkono su gaji juna a kunya ɗaya, dangi ne, ciwonsu ɗaya. Bayan su a sa wake ko lubiya, su ne ke mayar wa ƙasa ƙarfi.

In kin tuge kuɓewa kin ga saiwarta da ƙulli-ƙulli kamar carbi, wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Zafin Afrilu da Mayu zai yi miki aiki: jiƙa wurin, rufe da farar leda mai nuna ciki, danne gefunan da ƙasa, bar shi mako 4 zuwa 6.

Gara fa? Duk abin da na shimfiɗa don rufe ƙasa sai ta cinye.

Gara busasshe take nema, kuma shukar da ƙishi ya galabaitar ita take fara kamawa. Kada a binne karan da bai ruɓe ba kusa da saiwa, a bar tazarar yatsu huɗu tsakanin ciyawar rufi da gindin shuka, a haɗa da ganyen darbejiya. Amma ban ɗauke ta abokiyar gaba ɗungum ba. Manoman Nijar da ke haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, a fako suna zuba taki a ramin, gara ta zo ta huda ƙasar, ruwan sama ya sami hanyar shiga. In ta cinye rufin ta bar shukar, ƙara wani rufin kawai.

Wani yaro ya ce mini bango, wato wiwi, ya fi kuɓewa kuɗi, kuma wannan takin zai yi masa. Me ka ce?

Ba zan koya wa kowa wannan ba, kuma ina roƙonka ka ja kunnensa tun da wuri. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Sudan ta 1994 ta haramta noman wiwi, hukuncinsa ɗauri ne mai tsawo, kuma tsiron da aka samu a bayan ɗaki mai gidan ake tambaya, ko da bai san wanda ya shuka ba. Mun ga samarin da hayaƙinsa ya mayar abin tausayi. In kuɗi yake nema, busasshiyar kuɓewa, waika, ba ta kwantai a kasuwar ƙasar nan, haka ma karkade, wato zoɓo. Ka ba shi kunya biyu nasa na kansa ya gwada.

Ruwa yana mana wuya da rani, a jarka muke saye. Akwai dabara?

A binne tulun da ba a shafe ba har wuya a tsakiyar shuka huɗu, a cika shi a rufe bakin, zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai wurin saiwa. Ruwan alwala da na wanke hatsi duk su tafi jubraka, na wanki mai omo kaɗai za a zubar nesa. A shayar da sassafe ko da yamma, a ƙoshi sau ɗaya maimakon yayyafi kullum, don baƙar ƙasa tana iya bushewa a sama alhali cikinta da laima. Kafin ka ɗauko jarka, soka yatsa zuwa gaɓa ta biyu ka ji.