Dokar Ɓata Suna da Kare Sirri a Bauchi da Gombe

Ɓata suna, a shari'ance, shi ne yaɗa magana a kan wani, a baki ko a rubuce, wadda za ta zubar masa da mutunci a idon jama'a. Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 39, ya kuma kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da wayarsa a sashe na 37. Rikicin 'yan jarida da masu riƙe da muƙamai galibi tsakanin waɗannan sassa biyu yake faɗawa.

A Bauchi da Gombe, kamar sauran jihohin Arewa, wanda aka ɓata wa suna yana iya shigar da ƙara ya nemi diyya, yana kuma iya kai ƙorafi wurin 'yan sanda, domin kundin dokokin laifuka na Arewa, wato Final Kod, da ya fara aiki a 1960 ya ɗauki abin a matsayin laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. A kotunan Musulunci akwai ƙazafi, wato jifan mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba, haddinsa bulala 80.

Babban sauyi ya zo ne daga Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Sashe na 24 nata ya haramta aika saƙon cin mutunci ko mai tayar da hankali, da ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Kalmomin sun yi faɗi ƙwarai, har ta kai rubutu ɗaya a Facebook na iya kai mutum ga kwana a ofishin 'yan sanda. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 da kuma 2022 cewa sashen ya saɓa wa 'yancin magana. A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran da ya taƙaita shi ga saƙon batsa da ƙaryar da aka yaɗa don tada tarzoma ko barazana ga rai.

Gyaran bai taɓa Final Kod ba, kuma nan ne ciwon yake. A 2022 an gurfanar da 'yan jaridar WikkiTimes da ke Bauchi gaban kotun majistare bisa zargin ɓata suna, bayan wani rahoto da suka yi kan ɗan majalisar tarayya. A irin waɗannan shari'u, tsarewa da neman beli da ɗage zama sau da yawa kan gurgunta ƙaramar jarida tun kafin alƙali ya ce uffan kan gaskiyar labarin.

Ta ɓangaren sirri, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Yunin 2023 ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Bankuna da asibitoci da makarantu ba su da ikon miƙa bayanan mutum sai da dalilin da doka ta yarda da shi, kuma a 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8. Dokar ta sassauta wa aikin jarida a wasu sharuɗɗan idan labarin ya shafi maslahar jama'a.