Ba a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka fara jefa bam daga jirgin sama ba

Mutane da yawa sun ɗauka sai a yaƙin 1914 jirgin sama ya shiga fagen fama. Ba haka ba ne. Shekara uku kafin nan aka fara, kuma a ƙasar Afirka, lokacin da Italiya ta far wa Libiya don ƙwace ta daga hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa.

Ranar 23 ga Oktoba 1911, Kyaftin Carlo Piazza na sojan Italiya ya tashi daga Tarabulus a jirgi samfurin Blériot ya leƙo sansanin Turkawa. Ranar 1 ga Nuwamba kuma Laftanar Giulio Gavotti ya ɗauki gurneti huɗu, kowanne wajen kilo biyu, a jirginsa samfurin Taube mai fukafukai irin na kurciya. Babu wata na'urar saki. Da hannunsa ya ɗaura wa kowanne abin tayarwa, ya wurga su kan Ain Zara da Tajura da ke kusa da Tarabulus, yana tuƙi a lokaci guda.

Jiragen ma ba ƙirar Italiya ba ne: Blériot na Faransa ne, Taube kuwa ɗan Ostiriya Igo Etrich ya zana shi. Abin takaici, garuruwan Libiyawa ne aka mayar wurin gwajin wannan sabon makami.