Mai miƙawa, mai roƙo da mai kwana a tasha: me dokar Nijar ta ce?

Wani dattijo da nake auna hatsi a wurinsa a babbar kasuwar Maradi ya tare ni da tambaya wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ji a rediyo ana cewa bara laifi ce a dokar ƙasa, shi kuwa duk Juma'a sai ya canza jaka biyar zuwa sulalla ya raba wa masu jira a bakin rumfarsa. Ya ce, "Ɗana, in bara laifi ce, ni mai miƙawa fa? Kada wata rana a tasa ni gaba zuwa komisariya a kan dala ashirin." Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, babu ayar dokar da ta ambaci mai bayarwa." Ya yi dariya ya ci gaba da cika tiya. Amma tambayar tasa ta fi ƙarfin amsar tsaye a bakin rumfa, shi ya sa na zauna na warware ta.

Maganar tana cikin kundin hukunta laifuka na Nijar, doka mai lamba 61-27 ta ranar 15 ga Yuli 1961, wadda aka yi wa babban gyara a 2003. Ayoyi shida ne, daga ta 177 zuwa ta 182, kuma lambobin da zan riƙa ambata na wannan kundi ne kamar yadda yake bayan gyaran 2003. Ƙasar ba ta cika shekara guda da samun 'yancin kai ba aka rubuta shi, don haka ba abin mamaki ba ne da ya ɗauko zubinsa daga kundin Faransa na 1810, wanda ke kallon mai bara da mai yawo babu sana'a a matsayin barazana ga zaman lafiyar gari. Ita Faransar ta cire waɗannan laifuka biyu daga kundinta tun 1994. Mu muka ci gaba da riƙon gadon.

Aya ta 179 gajera ce: duk wanda aka samu yana bara, a wurin jama'a ko a keɓantaccen wuri, za a ɗaure shi wata 3 zuwa wata 6. Keɓantaccen wuri na nufin ba bakin titi da tasha da ƙofar masallaci kawai ba, har da mai bi gida-gida yana sallama. Sai aya ta 180 ta biyo baya ta sassauta: ba a hukunta tsohon da ya haura shekara 60, ba a hukunta naƙasasshe. Makaho, gurgu, kuturu, da tsohuwar da ke zaune da ƙoƙonta a inuwar katanga, duk doka ta ɗauke musu hukunci. A lura da lafazin. Ba ta ce ta ba su lasisin bara ba, cewa ta yi alƙali ba zai yanke musu hukunci ba. Akwai kuma ƙaramin ƙalubale da masu rubutun ba su damu da shi ba: tsoho nawa ne daga ƙauyukan Mayahi ko Dakoro ke da takardar haihuwa da zai nuna ya wuce 60? Furfura ce shaidarsa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce macen da ba ta cikin kowane rukuni. Shekarunta 35, lafiyarta ƙalau, miji ya tafi cin rani bai dawo ba, ga yara huɗu, ga rumbu wayam tun kafin damina ta tsaya. In ta fito ta miƙa hannu, a rubuce ta taka aya ta 179. Alƙali yana da damar duba halin da take ciki ya sassauta ko ya yi mata ɗaurin talala, kuma a gaskiya da wuya ka ji an kai irinta gaban alƙali. Da ana bin ayar sau da ƙafa, da gidan kason Maradi bai ɗauki mutanen Juma'a guda ba. Doka ce mai barci, sai lokaci-lokaci hukuma ta tashe ta da sanarwar hana bara, kamar yadda aka sha yi a Yamai, a yi 'yan kwanaki ana kame, sannan ƙura ta lafa.

Inda dokar ta fi nuna haƙora shi ne kan yara. Aya ta 181 ta ambaci mutum uku: iyayen yaro ɗan ƙasa da shekara 18 da ya mayar da bara al'ada, duk wanda ya tura yaro bara, da duk wanda ke cin moriyar barar yaro yana sane. Hukuncinsu wata 6 zuwa shekara 1, wato ninkin na mai barar kansa. Shi yaron, in bai kai shekara 13 ba, doka ba ta ɗora masa alhakin laifi ko kaɗan, wanda ya haura kuma alƙalin yara ne ke duba lamarinsa.

Nan ne mutanenmu ke ɗaga murya, domin an taɓo almajirci. To a natsu a karanta. Ayar ba ta ambaci makarantar allo ba, ba ta ambaci malam ba, ba ta hana uba ya kai ɗansa karatu wani gari ba. Abin da take tambaya shi ne wa ya tura yaron, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga. Kuɗin Laraba da uba ya aiko wa malam haƙƙin malam ne, babu ruwan doka. Amma in an yanka wa yaro adadin da zai kawo kowane dare, in bai cika ba bulala, to ko da wane suna aka kira kuɗin, malamin ya shiga sahu na biyu da na uku a lokaci guda. Uban da ya sauke yaro ɗan shekara 7 a gari babu ko tiyar hatsi, ya juya bai sake leƙowa ba sai bayan shekara biyu, shi ma yana sahun farko, ko da ya rantse da niyyar alheri ya yi. Tsohon tsarin da muka taso muka gani, inda kowane almajiri ke da uwar ɗaki a unguwa mai ajiye masa tuwonsa, yana yi mata ɗan aike da ɗebo ruwa, ya fi kusa da abin da doka za ta yarda da shi fiye da yaron da ke kewaya tasha da roba daga asuba har isha'i.

Akwai kuma ɗan jagora. Makaho aya ta 180 ta kare shi, amma yarinyar da ke riƙe masa sanda tun safe, wadda sa'o'inta ke aji, ba ta haura 60 ba kuma ba naƙasasshiya ba ce. A karatuna, kariyar da aka ba shi ba ta shafe aya ta 181 ba. Na san maganar tana da ɗaci, domin sau da yawa 'yarsa ce ko jikarsa, kuma ba shi da wani ido sai ita. Doka ta faɗi abin da ta hana, ba ta faɗi wanda zai riƙe sandar ba.

Idan abin ya kai ga kwasar yara daga garinsu a kai su wani wuri don su yi bara wani ya ci, an bar ayoyin nan an shiga dokar yaƙi da fataucin mutane, mai lamba 2010-86 ta ranar 16 ga Disamba 2010. Ita ta lissafa cin moriyar barar wani a cikin nau'o'in bautar da mutum. Hukuncinta shekara 5 zuwa 10, in kuma yaro ne aka yi wa, shekara 10 zuwa 30. Cewa iyaye sun yarda, ko an ba su wani abu, ba ya wanke mai ɗauka. Wanda ya tuna watan Oktoba 2013, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, ya san dalilin tsananin. Haka a watan Maris 2022 gwamnati ta aika jirage Dakar aka kwaso ɗaruruwan 'yan Nijar masu bara a titunan Senegal, galibinsu daga Kance da Magarya a jihar Damagaram, maƙwabtanmu na gabas. Talakan da ba shi da kuɗin mota zuwa Tasawa ba shi kaɗai ya kai kansa Dakar ba.

Yanzu ga wanda ba shi da wurin kwana. Aya ta 177 ta bayyana wanda take kira mai gararamba da sharaɗi uku: ba shi da tabbataccen mazauni, ba shi da abin da zai ci da kansa, kuma ba ya wata sana'a ko aiki da ya saba yi. Sai ukun sun haɗu a kan mutum guda kafin aya ta 178 ta hau shi da ɗaurin watanni. Wannan wuri ya cancanci a tsaya a kansa. Saurayin da ya zo daga ƙauye yana kwana a tasha a kan kwali, amma da rana yana dako ko tura baro ko ga-ruwa, ba mai gararamba ba ne a idon doka, domin yana da sana'a. Wanda ba shi da aiki amma wani Alhaji a Bagalam ko Zariya ya ce ya riƙa kwana a zaurensa, ana san inda za a same shi, yana da hujjar cewa yana da mazauni. Wato tabarma a zaure, ko aikin gadin buhuna, ko jarin tiren goro, suna yin abin da sulalla ba sa yi: suna fitar da mutum daga cikin ma'anar laifin gaba ɗaya. Kakanninmu da suka gina zaure a ƙofar kowane gida don baƙo ba su karanta aya ta 177 ba, amma sun toshe ta.

Maradi kuwa ta san rashin muhalli ba a labari ba. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashi tsohon gari daga kwari ya hau tudu. A daminar 2024 ruwa ya sake rusa gidaje a cikin birni, iyalai suka koma azuzuwan makarantu. Tun 2019 kuma dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako suna gudun 'yan bindiga, suka sauka a yankunan Gidan Runji da Madarunfa, inda mutanen ƙauyuka suka raba rumbunsu da su tun kafin motar kowace ƙungiya ta iso. Waɗannan ba a auna su da ayar gararamba. 'Yan gudun hijira suna da dokarsu ta 1997, waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasa kuma suna da ta Disamba 2018.

Ita kanta ayar gararamba tana shan suka. A ranar 4 ga Disamba 2020 kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya ta ba da ra'ayi cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar, domin suna hukunta mutum a kan halin da yake ciki, ba a kan wani abu da ya aikata ba. Ra'ayi ne na shawara, ba ya goge aya daga kundin kowace ƙasa da kansa, sai ƙasar ta gyara. Ni dai ina tare da kotun. Mai yawo da makami ko ƙarfen ɓalle ƙofa, aya ta 182 ta riga ta tanadar masa hukunci mai nauyi, kuma wannan daidai ne. Wanda laifinsa kawai ba shi da ɗaki, kaso ba ta ba shi ɗaki, tana ara masa ne na 'yan watanni ta sako shi inda ta ɗauke shi.

Mu koma kan mai bayarwa. Doka ba ta ƙayyade wa kowa abin da zai bayar ba, ba ta kuma tilasta wa kowa ba. Zakka, ɗaya cikin 10 na amfanin gonar damina, ɗaya cikin 20 na noman ban-ruwa, ɗaya cikin 40 na kuɗin da suka kai nisabi suka shekara, tsakaninka da Ubangijinka ne, gwamnati ba ta karɓa, ba ta bin wanda ya ƙi. Abu guda doka ta wajabta: in ka ga mutum cikin haɗarin halaka, misali ya faɗi a bakin hanya, kana iya taimakonsa ko kiran taimako ba tare da ka jefa kanka a haɗari ba, ka wuce da gangan, wannan laifi ne. Tsoron "kada a ce ni ne" da ke sa mutane su yi da'ira suna kallo ba hujja ba ce.

Wurare biyu ne mai niyyar alheri ke iya zamewa. Na farko tara kuɗin jama'a. Ka ɗauki hoton mara lafiya ka watsa a WhatsApp da lambar tura kuɗi, daga ranar ka zama mai riƙon amana, kuma in kuɗin suka bi wata hanya, ayoyin zamba da cin amana na jiranka. Rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ka sa mutum biyu su shaida. In abin ya girma ya zama na dindindin, a yi rajistar ƙungiya kamar yadda doka mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984 ta tanada. Na biyu ɗaukar yaro daga titi ka kai gidanka. Tausayi ne, amma kafin ya kwana ka sanar da mai unguwa, ka kai magana wurin 'yan sanda masu kula da yara ko ma'aikatan jin daɗin jama'a. In ba haka ba, ranar da danginsa suka bayyana, kai da ka ciyar za a fara tuhuma da sace yaro.

Da na koma auna hatsi na faɗa wa Baba duk wannan a taƙaice. Sulallansa na Juma'a suna nan yadda suke. Sai dai ya kira wani yaro da ya daɗe yana kwana a bayan rumfar, ya tambaye shi garinsu da sunan malaminsa, abin da ya ce bai taɓa yi ba cikin wata takwas da yaron ya yi a wurin. Yaron ya ambaci wani ƙauye can bayan Dakoro. Malamin kuwa, in ji shi, ya koma gida noma tun farkon damina, ya ce su jira shi.